'Yan Kwana-Kwana Masu Ƙaho

Na sauka Lisbon da akwati ɗaya, da kaftani uku, da kwalbar turare, da kuma kai cike da littattafan soyayya da na shekara goma ina karɓar haya a wani ɗan shago a Gyadi-Gyadi. A littattafan nan, duk saurayin da ya je Turai yana sauka daga jirgi iska za ta kaɗa masa riga, wata doguwar mota ta tsaya a gabansa, gilashinta ya zuge a hankali. Na tsaya a bakin filin jirgi na ba motar nan dama har ƙafata ta yi tsami. Wadda ta zo daga ƙarshe motar shara ce, direban ya yi mini hon in matsa.

Wanda ya yi mini hanya shi ne Alhaji Ɗanladi, wani dillali da ke raba shago da mai sayar da katifa a kasuwar Tarauni. Ya ce aikin kashe gobara ne a gandun dajin gwamnatin Fotugal. Tun a ranar na fara ganin kaina a jar mota, da hular kwano, ina fitowa daga cikin hayaƙi ɗauke da wata baiwar Allah da ta suma. Haka ma na bayyana wa Rumaisa, wadda nake zuwa zance wurinta a Unguwar Gano, sai dai ban ambaci baiwar Allahn ba.

A tashar bas na tsaya ina juya takardar aikina, don ba na jin ko kalma ɗaya a cikinta. Na ce "Wayyo Allah" a fili. Wani mutum mai tallar tabarau ya waiwayo.

"Ɗan'uwa, Bahaushe ne?"

Na kusa rungume shi. Sunansa Malam Illiya, mutumin Damagaram, ya daɗe a ƙasar. Ya karɓi takardar ya karanta, ya dube ni daga hula har takalmi, ya sake karantawa.

"Kai Bafillace ne?"

"Ni Bakano ne. Sadisu, daga Gyadi-Gyadi."

"To nan an rubuta a ruga aka haife ka, kuma tun kana ɗan shekara biyar kake bin garke."

"Ni? Malam, ko kaza ban taɓa kora ba sai in ta shigo ɗaki. Kashe gobarar fa?"

"Yana nan. Awaki ne ke aikin. Kai rakiya za ka yi musu."

Ya yi dariya har tabarau biyu suka faɗo daga allonsa. Da ya ga fuskata sai ya daina, ya saya mini burodi da kifin gwangwani, ya zaunar da ni. Ya ce in saurara da kyau: izinin zamana a ƙasar rataye yake da wannan aiki. In hukumar daji ta sabunta wa maigidana kwangila a ƙarshen bazara, ni ma za a sabunta mini takarda. In ba ta sabunta ba, jirgin da ya kawo ni bai manta hanyar Kano ba.

Na kira Alhaji Ɗanladi a take.

"Sadisu, tsaya," in ji shi. "Dajin na gwamnati ne ko ba na gwamnati ba?"

"Na gwamnati ne, amma Alhaji..."

"Gobara tana tashi a cikinsa ko ba ta tashi?"

"An ce tana tashi."

"To ina ƙaryata? Ka gai da Turawa."

Bas ta yi ta hawa da ni arewa wajen awa shida, daga babbar hanya zuwa ƙarama, daga ƙarama zuwa wadda ta yi ta naɗewa a jikin dutse kamar rawani. Inda aka sauke ni ƙauye ne mai gidajen dutse kusan sittin, amma waɗanda hayaƙi ke fita daga cikinsu ba su kai goma ba. Matasa duk sun tafi birni. Ni da nake shekara ashirin da tara, ni ne jaririn garin.

Maigidana wani tsoho ne, Manuwel, mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya taɓa aikin girki a jirgin ruwa, don haka yana da ɗan Turancin Ingilishi. Nawa Turancin kuwa na sakandare ne da na gidan kallon ƙwallo. Da waɗannan biyu da kuma hannuwa muka yi ta fahimtar juna. Matarsa Roza ba ta jin komai sai yarensu, amma ranar farko da ta ga na ture naman alade gefe, ba ta sake ɗora shi a teburin ba har na bar gidan. Akwai kuma wani kare mai girman maraƙi, wanda ya shinshine ni sau ɗaya ya gane ban taɓa kiwo ba. Ni ina gudunsa saboda alwalata, shi yana guduna saboda raini.

Washegari Manuwel ya hau da ni dutse ya nuna mini wurin aiki. Daji ne na itatuwan turare da wasu masu ganye kamar allura, a cushe, ƙasansu cike da busassun rassa da wata ƙaya mai furanni ruwan ɗorawa. A tsakiya an share wani dogon fili mai faɗin babban titi, daga gindin dutse har ƙoli. Ya ce in wuta ta taso daga wancan gefe, tana isowa filin nan za ta rasa abin ci, ta durƙusa, masu kashewa su samu wurin tsayawa. Amma ƙaya ba ta jin doka, kowace shekara sai ta sake tsirowa, mota kuma ba ta iya hawa duwatsun. Shi ya sa hukuma take ɗaukar awaki su cinye ta. Ƙarshen wata za a turo jami'a da sanda mai jan zane a kamu ɗaya daga ƙasa. Duk inda ciyawa ta wuce zanen, ba sa hannu.

"Ina yaro," in ji Manuwel, "gwamnati ta zo ta dasa itatuwan nan, ta kori awakinmu, ta ci ubana tara don akuyarsa ta shiga. Yanzu daji yana ci da wuta duk bazara, sai ga su suna lallashina in dawo da jikokin akuyar." Ya tofar da yawu, cikin ladabi, ta gefen da ba iska.

Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne itacen. Itace busasshe, mai kyau, zube a ƙasa ba mai so. Na ce masa da za a kawo masu tuyar waina na Darmanawa da masu gashin tsire na Tarauni a sake su a dajin nan, kwana uku ko tsinken sakace ba za a samu ba, balle abin da wuta za ta ci. Ya ce in rubuta wa gwamnati.

Sati ɗaya muka yi muna hawa tare, sai ciwon ƙugu ya kwantar da shi. Ya miƙa mini sanda ya ce tunda a ruga aka haife ni, ba abin da zai koya mini. Na karɓi sandar. Kare ya dube ni.

A satin nan na ga abin da ya hana ni sukuni. Da sassafe ake buɗe wa awakin nan ƙofa, ciki ba komai, a kora su dutse, su yi ta tsinkar ƙaya da leɓɓansu har yamma. Wasu bakinsu har da ɗan jini. Na kira Umma, mahaifiyata, wadda duk shekara take ɗaure rago ɗaya a gindin famfon tsakar gidanmu, ta kiwata shi har maƙwabta su riƙa zuwa kallo kafin Sallah.

"Ƙaya?" in ji ta. "Sadisu, ƙaya kake ba bayin Allah?"

"Umma, haka tsarin yake a nan."

"Tsarin uban wa? Dabba amana ce. Ranar gobe ƙiyama awakin nan za su tsaya a gabanka ɗaya bayan ɗaya, kuma Baturen ba zai zo ya tsaya maka ba. Ba dusa a garin?"

"Akwai buhuna a wani ɗaki."

"To! Kana idar da sallar asuba ka kwaɓa musu da ruwan ɗumi, ka barbaɗa gishiri tunda ba ka da kanwa. Kowa ya ci ya ƙoshi kafin ya fita. Wa ka taɓa gani an tura aiki bai karya ba?"

Maganar ta shige ni. Ɗakin buhunan yana bayan garke, nesa da gida, ba kwaɗo. Na ɗauka tsufa ne ya sa Manuwel ya manta da shi. Daga ranar na zama mai abincin safe. Ina kwaɓa dusa a tsohon bahon wanka, in ƙara da ɗanyar ciyawa mai laushi da nake yankowa a bakin rafi.

Ban taɓa sanin so irin wannan ba. Ina doso garke za a taso da gudu ana kiran sunana da yarensu. Akwai wata fara mai baƙin wuya, idanunta kalar zuma, tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Na sa mata Gimbiya. Takan ɗora haɓarta a gwiwata ta lumshe ido. Duk abin da na karanta game da kallon da ke narkar da zuciya, a wurin akuya na fara ganinsa da idona.

In mun hau dutse sai kowacce ta nemi inuwa ta kwanta tana tuƙa. Ni ma in jingina da itace in ɗauko waya in rubuta wa Rumaisa cewa ina zaune a kan rufin duniya, gajimare na wucewa ta ƙarƙashin ƙafata, ma'aikatan da ke ƙarƙashina suna hutawa. Kare ya yi ta haushi yana zagaya su kwana uku, daga baya ya haƙura ya kwanta ya juya mini baya. Gashin awaki ya fara sheƙi, cinyoyi suka cika. Ƙaya ma ta yi ƙiba. Na lura tana tsawo, amma na ɗauka ƙarfin ƙasar Turai ne.

Ranar da aka ce jami'a za ta zo, na san abin da ke faruwa a irin wannan babi. Mace mai muƙami, baƙon saurayi daga nesa, dutse, iska. Ba don in ci amanar Rumaisa ba, sai don kar ƙaddara ta same ni da kayan aiki, na sa kaftanina ruwan sararin samaniya, na kafa hula, na fesa turare har kare ya yi atishawa.

Injiniya, haka kowa ke kiranta, ta fito daga wata tsohuwar mota mai ƙura. Ta kusa sa'ar Umma, gajeriya, da takalmin sojoji da furfura a ɗaure. Ba ta dubi kaftanin ba. An ɗora Manuwel a jaki ya biyo mu. Ta kafa sandarta a farkon fili, jan zanen ya ɓace cikin ƙaya. Ta yi gaba ta sake kafawa, ya sake ɓacewa. A wuri na biyar sandar ce gaba ɗaya ta kusa ɓacewa.

Ta juya ta dubi awaki, suna kwance a inuwa kamar matan da suka gama cin tuwon suna. Ta je ta dafa bayan Gimbiya, ta matsa, yatsunta suka nutse.

"Me suke ci?" ta tambaye ni da Turanci.

Na gyara tsayuwa, don na ɗauka yabo ne ke tafe. "Dusa da ruwan ɗumi, ranki ya daɗe. Da ɗan gishiri. Kullum da asuba."

Ta fassara wa Manuwel. Tsohon ya cire hularsa a kan jaki, ya ɗaga kai sama, ya yi wa sararin samaniya dogon jawabi. Ban ji yaren ba amma na gane ba addu'a ba ce. Dusar nan ashe abincin hunturu ce, ta lokacin da ƙanƙara ke rufe dutse, kuma na cinye musu fiye da rabi.

"Saurayi," in ji Injiniya, "akuya mai ƙoshi ba ta cin ƙaya. Kai za ka ci? Yunwarta muka ɗauka aiki." Ta ce za ta dawo bayan kwana ashirin, kafin zafi ya kai ƙarshe. In ta samu haka, za ta ba wani garke kwangilar.

Da muka sauko Manuwel bai yi mini magana ba. Da la'asar ina zaune a bakin garke, Roza ta zo ta kama hannun rigata ta ja ni bayan cocinsu, inda ake hango ƙetaren kwari. Ta nuna mini wani ƙauye a can, bango tsaye ba rufi, itatuwa baƙi ƙirin kamar an kafa gawayi. Ta nuna wani gida a gefe, ta dafa ƙirjinta, ta haɗa yatsu biyu, alamar 'yar'uwa. Ta yi alamar gudu, da kaya a ka. Sannan ta juyo ta nuna dogon filinmu a jikin dutse, ta nuna rufin gidanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ciro tuffa daga aljihu ta ba ni ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na buɗe garke hannu rabbana. Aka taso da gudu, aka leƙa baho, aka dube ni. Kukan da suka yi har ƙauyen da ya ƙone an ji. Gimbiya ba ta yi kuka ba. Ta tsaya nesa ta yi mini kallon da ake yi wa saurayi a babi na goma sha biyu, bayan an gano yana da wata a Kaduna. Kwana biyu suna yajin aiki, a na uku yunwa ta yi musu nasiha suka fara tsinkar ƙaya. Amma ƙayar ta riga ta tsufa, ta yi itace, su kuma sun yi nauyi. Na auna abin da suka ci a kwana biyar, na auna abin da ya rage, na ga ko Sallah biyu za a yi ba za su gama ba.

Na kira Umma na faɗa mata komai.

"Wace irin gwamnati ce wannan mai aiki da yunwar dabba?" in ji ta. "Allah ya kyauta. Mu nan muna neman ciyawa ido rufe, su can suna lallashin akuya ta ci." Sai ta juyo kaina. "To kai da ka ɓata, hannunka ciwo yake? Lauje ya ƙare a ƙasar?"

"Umma, filin ya fi daga gidanmu zuwa kasuwar Tarauni."

"Da ka tsaya kana auna shi da baki, da ka yanke na ƙofar gida. In suka koro ka, me za ka ce wa mutanen Unguwar Gano? Akuya ta fi ka aiki?"

A ɗakin buhuna na samu lauje da wata adda mai lanƙwasa. Na fara daga ƙoli, awaki suna daga gindi. Ranar farko tafin hannuna ya yi bororo, rana ta biyu ya fashe, rana ta uku na yage kaftanin nan ruwan sararin samaniya na naɗe hannuwa da shi. Kuma ba a barin abin da aka yanka a wurin, don in ya bushe ya fi mai rai son wuta. Sai in ɗaure shi dami-dami, kamar yadda ake ɗaure harawa a gida, in sauko da shi a ka. Mai laushin in shanya a rumfar garke saboda hunturu, mai ƙayar in kai ramin da ake tarawa.

Manuwel ya gan ni da dami a ka daga tagarsa. Ya kira ni, karo na farko cikin sati.

"A rugarku haka ake yi?"

"Baba, ni ban taɓa ganin ruga ba sai ta tagar mota."

"Na sani," in ji shi. "Tun ranar da ka ce wa bunsuru ya yi haƙuri ya matsa."

Ya karɓi laujen ya wasa mini shi da hannunsa.

A kwana na goma sha biyu hayaƙi ya tashi a bayan wani dutse can nesa. Rana ta koma ja da tsakar rana, toka ta riƙa sauka a hannun rigata kamar gari. Jirage suka yi ta wucewa da ruwa. Ga jar motar da na yi mafarkinta can ƙasa tana gudu da jiniya, ga ni a sama da lauje da tsumma a hannu. Washegari ina cikin yanka na ji muryoyi. Roza ce da ƙawayenta uku, ƙaramarsu ta haura saba'in, kowacce da laujenta da baƙin ɗankwali. Ba su gaishe ni ba ma, suka jera suka sunkuya. Wallahi kafin in yanke taku biyar sun yi goma sha biyar, suna waƙa, suna yi mini dariya in na tsaya miƙe baya. Da rana suka shimfiɗa zane, aka ci burodi da cuku da zaitun. Wata ta kama tafin hannuna ta duba, ta yi tsaki, ta shafa mini man zaitun. Kwana bakwai suna zuwa. A rana ta ƙarshe muka haɗu da awaki a tsakiyar dutse, mu daga sama, su daga ƙasa, kamar masu haƙa rami ɗaya.

Injiniya ta dawo ranar da ta ce. Matan suka zauna a gida kamar ba su san komai ba. Ta fara kafa sanda daga gindi, jan zane a fili. Ta hau, ta kafa, a fili. Da muka wuce tsakiya sai ta tsaya, ta tsuguna, ta kama wani kututturen ƙaya ta daɗe tana dubawa.

"Awakin nan naka," ta ce wa Manuwel da Turanci don in ji, "haƙoransu da kaifi. Kuma duk a karkace suke yanka, ta gefe ɗaya."

Manuwel ya ce irinsu ne haka.

Ta miƙe ta buɗe takardarta. Ta ce kwangilar ta kiwo ce. Yankan hannu wani sashe ne daban, da wasu mutane daban, kuma a takardar da ke hannunta ba gurbin da aka tanadar wa lauje. Abin da dabba ta ci kawai take da ikon sa wa hannu.

A littafi, nan ne saurayi zai tako gaba ya yi jawabi mai shafi uku har kowa ya yi hawaye. Na tako gaban. Na buɗe baki, Turancin ya gudu, Hausar ma ta bi shi. Sai na ga ashe na miƙa hannuwana biyu, tsumman shuɗin kaftani duk jini da man zaitun.

Ta dube su. Ta dubi filin, tas daga ƙoli har gindi, ta dubi rufin gidajen da ke ƙasa. Ta cire murfin biro da haƙori.

"Awaki nawa ne a garken?"

"Ɗari da ashirin," in ji Manuwel.

Ta sake duban hannuwana, ta rubuta, ta sa hannu, ta juyo mana da takardar. A gurbin yawan dabbobin da suka yi aiki an rubuta ɗari da ashirin da ɗaya.

Da wannan takarda aka sabunta kwangila, da ita aka sabunta mini izinin zama. Na kira Umma tun muna kan dutse, na ce mata an sa hannu, amma fa a rajistar hukumar dajin ƙasar nan ɗanta akuya ne.

"To alhamdu lillahi," in ji ta. "Aiki ai aiki ne. Kai dai kar ka yarda su fitar da kai da safe ba ka karya ba."